Geron da Na Shanya a Kan Kwalta

Ni Saratu matar Bitrus mai gyaran keke, maƙwabciyarku ta bayan gida, ni ke rubuta wannan takarda da bakin Inna Kulu. Ta ce in sa magana yadda ta fito, kada in yi mata kwalliya. To Hamisu, in ka ga wani wuri ya karkace, ba hannuna ba ne. Ga ta nan.

Auta, salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida gajiyar hanya. Ina fata ka sauka Ikko lafiya, ka samu wurin sa haƙarƙarinka da mutanen kirki. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, da sharrin barci, da sharrin mai gaggawa. Allah Ya sa simintin da za ka riƙa ɗauka ya zame maka nauyin arziki.

Ba labarin gari zan ba ka ba, direbobin shanu za su cika maka kunne da shi. Magana guda ce ta hana ni sakat tun ranar da ka tafi. Kana ɗaura akwatinka a bayan mota, ka daki aljihun gaban rigarka inda lasin yake, ka ce, "Inna, saura tambari ɗaya. In suka karɓe wannan, kada ki sa ido, ba zan shigo Jibiya da hannu biyu kawai ba." Ka faɗa kana dariya, mutane suka taya ka. Ni ban yi dariya ba, don na taɓa ganin irin wannan dariyar a bakin wani, kuma kai ɗansa ne. Shi ya sa na aika aka kira mani Saratu.

Bari in faro tun daga babanka, Allah Ya jiƙansa. Kana ƙarami, wasu abubuwan ka gani, amma ba ka san kansu ba.

Lokacin da yake jan babbar mota tsakanin Katsina da Maraɗi, ni fa ji nake babu macen da ta kai ni a garin nan. In ya taho daga Katsina, tun daga gada yake danna oda, irin tasa, dogo ɗaya gajeru biyu. Wancan zamani hannun hagu ake bi, gidanmu kuwa yana hagu, sai ya zo ya tsaya tsaf a ƙofar gida, inuwar motar ta rufe zaure. Ina daga tsakar gida nake miƙa mashi ruwa ta kan danga. To wannan jin kan ne ya fara jawo mana.

Aka tashi bikin 'yar ƙanwata a Bugaje. Dangina suka taru, suka ce ai kuwa ba za mu taka da ƙafa ba muna da suruki mai mota. Ya ce mani, "Kulu, na yi lodin gyaɗa har sama, doka ta hana ɗora mutum kan kaya." Na ce, "Dokar ta san dangina? In ka ƙi, da wane ido zan dube su?" Na yi fushi, na ƙi ci, na ƙi magana. Shi kuma mutum ne da ba ya iya ganin fuskata a ɗaure. Muka hau, mata da 'ya'ya da ƙoren tuwo, har da akuya, muna bisa buhuna muna guɗa. Ba mu yi nisa ba 'yan doka suka tare mu. Aka sauke mu a tsakiyar rana, muka ƙarasa bikin da ƙafar da muka raina. Shi kuwa aka kai shi gaban alƙali, aka ci shi tara, aka buga mashi tambari a lasin. Bai taɓa ce mani ke kika jawo ba.

To ka ji, Auta. Can inda kake za ka haɗu da 'yan garinmu, su ce ɗan Kulu ne, ba zai bar mu a ƙasa ba. Ka gaishe su, ka ba su goro, in kana da hali ka biya masu kuɗin wata motar. Amma kada ka ɗora ɗan Adam kan siminti. Fushin ɗan'uwa yana wucewa, tambari ba ya gogewa. Haka in mai kaya ya ce ƙara buhu kaɗan, mota ai ba ta kuka, ka ce mashi tana yi, a gangare take yin kukanta.

Tsautsayi na biyu kuma ba ni na jawo ba, amma abin da na yi bayansa ya fi shi muni.

Ka san a da, hannu biyu ne a hanyar nan. Nan ƙasar Ingilishi hagu, da ka wuce shingen duwan, wato kwastan, ka shiga ƙasar Faransa sai dama. Kowane direba da dabararsa ta tunawa. Wani ya sauya zobe, wani ya ɗaura zare a sitiyari. Babanka hularsa ce. In yana nan sai ya karya ta hagu, in ya tsallaka ya mai da karin dama. Har jandarmomi sun san shi da haka, suna ce mashi Mai Karya Hula. Ran nan ya taso daga Maraɗi da zazzaɓi, kai na sara, ya cire hular ya ɗaure kan da rawani. Ya wuce shinge, ya shigo ƙasarmu, bai koma hagu ba. A kwanar da ke bayan kasuwa ya yi gaba da gaba da wata motar. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, mutum guda ya karye a ƙafa. Da aka buɗe lasin aka ga tambarin bikin Bugaje, sai aka ce wannan ba farau ba ne. Aka karɓe.

Ya dawo gida da ƙafa. Yayana ya ba shi aron gona a Riko, ya shiga noma, mutumin da hannunsa ya saba da sitiyari. In mota ta yi oda a gada sai in ga ya daina tauna. Ni kuma, maimakon in rufa mashi asiri, zafin faɗuwar da na yi a idon mata ya cika mani ciki. Wata safiya ya saɓa fartanya zai fita, akwai mutane a zaure, ya ce kunun ya yi ruwa. Na ɗaga murya na ce, "To Mai Karya Hula, yau wane hannu za a bi zuwa gona?" Zaure ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi. Irin dariyar da ka yi ran tafiyarka.

Da aka gama girbi ya ce zai leƙa Maraɗi ya nemi farmi, lasin ƙasar Faransa, wai can ba su san da tambarin nan ba. Maraɗi fa, Auta, nan da can, mai jaki ma yana zuwa ya kwana ya dawo. Ya riƙa aiko da saƙo ta hannun direbobi, sabulu, turmin atamfa, takalminka na salla. In na tambaya yaushe zai zo, su ce ya ce sai ya zo da mota. Daga baya aka ce ya yi gaba, yana Tawa. Daga nan aka ce Agadas. Ranar da wani Buzu ya yi sallama ya miƙo mani butar babanka da hular nan, ban tambaye shi komai ba.

Abin da ke ci mani rai, bayan 'yan shekaru gwamnati ta tashi ta ce kowa ya koma dama. Aka yi ta shela a rediyo, aka yi ta waƙa. Hannun da aka kama shi a kai, shi ne yau doka. Na zauna a ƙofar gida ina kallon motoci suna bin hannun babanka, kowa da lasinsa a aljihu. Kuma gidanmu, da bai motsa ko taki ɗaya ba, ya wayi gari a ƙetaren hanya ga duk mai tahowa daga Katsina.

Abin da zan ce maka a nan biyu ne. In jikinka ba daɗi, ko barci ya fara lallaɓo ka, ka sauka gefen hanya, ka karyo ganye ka jera a baya yadda ake yi, ka kwanta. Kada ka yarda da ƙwayar da direbobi ke haɗiya don ido ya bushe. Siminti ba ya tsami. Ɗayan kuma, in Allah Ya ba ka mata, ta faɗa maka magana mai zafi a ranar da ka faɗi, kada ka ɗauki maganar ka yi guzuri da ita. Bakin mace a ranar kunya ba shi ne zuciyarta ba. Da babanka ya juyo ko sau ɗaya, da ya tarar na daɗe da haɗiye abin da na faɗa, yana nan ya tsaya mani a wuya har yau.

Saratu ta ce in sha ruwa. Na sha. Rubuta.

Yanzu sai naka tambarin, wanda ka san yadda aka yi, amma ba ka san yadda na gan shi ba.

Da kuɗin man fetur ɗin nan suka zo, aka turo masu manyan injuna suka faɗaɗa hanya, suka zuba sabuwar kwalta, baƙa wuluk, sumul kamar bayan faranti. Mu mata muka ga abin da ba mu taɓa samu ba. Wurin shanya ba yashi, ba kashin awaki, ga zafi tun hantsi. In ka baza wankakken gero da safe, kafin azahar ya bushe ƙayau. Sai ga wasu sun zo da gwangwanin farin fenti suka ja layi a tsakiya tun daga gada har shinge. Muka tsaya muna kallo. Ta Annabi mai ƙosai ta ce, "Kun gani? Gwamnatin soja akwai adalci. Ta raba mana, rabi na mota, rabi na shanya." Wasa take, amma wallahi haka muka ɗauke shi. Motocin ba su da yawa sosai in ba ran kasuwa ba, kuma duk direban da ya zo sai ya kauce. Wa zai taka abinci? Ɗan Musulmi, ɗan Kirista, har Bamaguje mai bin tsafin kakansa, babu wanda uwarsa ba ta doke mashi hannu a kan hatsi ba. Kullum muna ƙara matsawa ciki. Barkono, kuɓewa, gero, har muka kusa taɓa layin. Babu wanda ya zo ya ce mana ga ma'anar abin.

Ran nan na wanke gerona na baza a kwanar gidanmu, na jera duwatsu, na zauna da kara ina korar kaji. Sai ga ka ka taso daga shinge a motar Alhajin da kake wa aiki, za ka Katsina, hannunka ya biyo ta kan shanyata. Na gan ka, ka gan ni. Har na ɗaga kara ina maka sannu. Ka karkata sitiyari ka fita, ka haye farin layin gaba ɗaya, ka ba gerona hanya. Ta cikin kwanar kuwa ga wata ƙaramar mota ta ma'aikata ta ɓullo. Ƙarar birkin nan har yau ina jin ta a haƙorana. Mutumin ya watsa tasa cikin rami, kai ka tsaya a karkace. Ƙura ta lafa, kowa ya fito da ƙafarsa. Gero ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba.

'Yan sandan hanya suna gindin ɗorawa, a gabansu aka yi. Na ruga ba ko mayafi. Na ce wa babbansu, wani dogo mai tsagen Barebari, "Ɗana, geron nawa ne, ni za ku kama."

Ya ce, "Inna, ke kike tuƙi?"

Na ce, "To so kake ya take abinci? Kai uwarka haka ta koya maka?"

Ya ce, "Uwata ma shanya take a hanyar Gashuwa, Inna, kuma na gaya mata abin da zan gaya maki. Zo ki gani." Ya kama hannuna kamar wata jikarsa ya kai ni tsakiyar titi. Ya nuna can wajen gada ya ce, "Kin ga wancan mai tsinke-tsinke kamar ɗinkin tela? Wannan in direba ya duba ba kowa, yana iya tsallakawa ya dawo. Wannan kuwa da ya miƙe bai yanke ba, katanga ce. An ja shi a kwana don ba a ganin mai zuwa. Wanda ya haye shi, ko bai kashe kowa ba, ya yi laifi."

Na ce, "Katangar da kaza ke tsallakewa?"

Ya ce, "Kaza ba ta da lasin."

Ta Annabi tana gefe ta ce, "To ranka ya daɗe, mu ina rabonmu a kwaltar?" Ya ce rabonmu shi ne mu kwashe kayanmu kafin ya ƙirga mu cikin masu laifi. Mata suka watse da tsintsiya da ƙwarya, kowa na zagin kowa.

Aka kai ka Katsina, aka ci ka tara, aka buga maka tambari, aka ce in ka sake za a karɓe. Da ka dawo na kasa kallonka. Kai kuma ka zauna ka ce a dama maka fura da geron nan, wai ka ji ɗanɗanon abin da ya fi lasinka tsada. Ka shanye, ka ce ya yi daɗi. Halin babanka sak.

To ga abin da ban iya faɗa maka baki da baki ba, don harshena bai saba ba. Ni na koya maka kada ka taka hatsi. Tun kana rarrafe, in tuwo ya faɗi ƙasa nake sa ka ɗauka ka sumbata. Yau ni ɗin nake ce maka, in ka zo kwana, ga layi bai yanke ba, ga shanyar wata tsohuwa a hannunka, ka taka birki ka tsaya, ka yi mata oda ta zo ta kwashe. In kaya sun yi nauyi mota ba za ta tsayu ba, ka bi ta kai. Ka take. Alhakin yana wuyan wadda ta baza, ni na sani, ni ce ita. Za ta zage ka, ta zagi uwarka, na yafe mata tun yanzu. Gero ana sake shuka shi.

Kuma an ce mani hanyoyin can ba irin namu ba ne, wai akwai gada bisa gada, da fitila mai ba da umarni, ja da kore, da hanyar da ake shiga ba a fitowa ta nan. Ni ban san su ba. Abin da na sani shi ne ni ma na ga layi na ba shi ma'anar da ta yi mani daɗi. Duk alamar da ba ka gane ba, ka tambayi wanda ya riga ka, ko da zai yi maka dariya ya ce ɗan ƙauye. Kada ka wuce mota a kan tudu ko a kwana don na bayanka yana damunka da oda, shi ba zai raka ka gaban alƙali ba. Kada ka fita da fitila ido ɗaya. In ɗan sanda ya tsai da kai, ka sauko, ka gaishe shi, kada ka yi irin bakina. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Amma Auta, duk wannan da na lissafa, ba shi ne ya sa na tsai da Saratu daga aikinta ba. Mutum yana iya kiyayewa iyakar ƙoƙarinsa ƙaddara ta same shi. In haka ta faru, in wata rana suka buɗe lasin nan suka ga tambarin gerona suka ce ba farau ba ne, suka karɓe, to ka ji ni da kyau. Ka hau motar wani ka taho gida. Ka zo da hannu biyu, hannu biyun nake so. Da su aka haife ka, ban ga wata takarda a cikinsu ba ranar. Babu mai ce maka komai a zauren nan. Wanda ya buɗe baki ni zan rufe mashi, ka san ina iyawa. Ni kuma na yi wa Allah alkawari ba za ka ji daga gare ni ba, wannan bakin ya riga ya ci mutum ɗaya, ya ƙoshi. Gonar Riko tana nan. Kada ka ce sai ka zo da mota. Na taɓa jiran mai zuwa da mota.

Na daina shanya a kwalta. A kan rufin ɗaki nake yi yanzu, jikar Ta Annabi ke hau mani, tsuntsaye suna cin rabonsu. Amma da la'asar nakan ɗauki tabarma in zauna a ƙofar gida. In babbar mota ta yi oda a gada sai in ji na miƙe, alhali na san Ikko ba nan kusa ba ce. Saratu na yi mani tsiya wai na zama ɗan sandan hanya ba albashi. Idona ya fara hazo, ba na rarrabe fuskar direba sai ya zo daf, don haka in za ka zo, ka yi oda irin ta babanka, dogo ɗaya gajeru biyu. Ka iya, na sha jin kana yi a ɓoye.

In kuwa Allah Ya sa da motar ka zo, saura abu guda. Daga Katsina za ka ɓullo, hannunka na dama, gida yana hagu, layin nan na kwana yana tsakaninmu. Na san ka. Za ka hango ni a kan tabarma, zuciyarka ta ce ka karyo ka tsaya a ƙofar gida yadda babanka ke yi, inuwar mota ta rufe zaure. Kada ka yi. Ka wuce kwanar, ka sauka gefe a hannunka, ka kashe mota ka zauna. Na tambayi dogon nan mai tsage, ya ce layin bai hana mai ƙafa ba. Ni zan tsallako.

Allah Ya kai ka, Ya dawo da kai. Allah Ya sa ƙarfe ya yi maka biyayya, Ya raba ka da tsautsayin hanya da na mutane. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa in ga fuskarka da sauran ganina. Ka gaida wanda ya riƙe ka da alheri, ka ce uwarka ta gode.

Saratu, ya isa. Na gaji.

Hamisu, iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na tambaye ta ko in karanta mata ta ji. Ta jingina da bango ta juya fuska wajen gada. Na ɗan jira, sannan na ninke takardar.